Ɓari sau biyu a jere: laifina ne, kuma me zan sha?

Wata baiwar Allah ta rubuto mini kamar haka: "Assalamu alaikum Anti. Shekarata 31, ina da ɗa guda mai shekara huɗu wanda na haifa lafiya. Cikin shekara ɗaya da rabi na yi ɓari sau biyu, na farko cikin yana da mako takwas, na biyu yana da mako goma, kuma a na biyun sai da aka yi mini wankin ciki. Kwana biyu kafin in ga jini na ɗaga wani kaya mai nauyi, har yau zuciyata tana gaya mini ni na jawo. Wata ƙawata ta ce da zarar na sake samu in fara shan asfirin, a riƙa yi mini allurar riƙe ciki, in kwanta kada in motsa. Likita kuwa ya ce in jira wata shida, bai rubuta mini komai ba. Maigidana ba ya ce uffan a kan maganar. Ina tsoron sake samun ciki, ina kuma tsoron kada in sake samu. Me zan yi?"

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya mayar miki da mafi alheri. Zan fara da kayan da kika ɗaga, domin na lura shi ne ya fi tsaya miki a rai, kuma muddin yana nan ba za ki ji sauran bayanin da kunnen basira ba.

Ba ɗaukar kayan nan ne ya zubar miki da ciki ba. A makonnin farko mahaifa tana can ƙasa, ƙashin ƙugu ya kewaye ta, ɗan tayin kuma yana cikin jakarsa ta ruwa, saboda haka aikin yau da kullum, ko tafiya, ko hawa bene, ko kusantar miji, ba sa girgiza shi har ya faɗo. Abin da binciken likitoci ya daɗe da tabbatarwa shi ne, kusan rabin ɓarin da ake yi a wata ukun farko yana faruwa ne saboda kuskure a ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom. Ƙwan mace yana kawo guda 23, maniyyin namiji yana kawo 23, su haɗu su zama 46. Idan aka sami ƙari ko ragi a wannan lissafi tun ranar haɗuwar, tayin zai fara girma na ɗan lokaci, sannan ya tsaya, kuma babu kwanciya ko magani ko taka-tsantsan da zai gyara abin da ya riga ya karkace tun daga tushe. Mafi yawan irin wannan kuskure na dace ne kawai, ba gado ba ne daga gare ki ko daga mijinki.

Akwai abin da za ki iya dubawa da kanki. Idan an yi miki hoton ciki kafin wankin, ɗauko takardar ki karanta girman da aka auna. Sau da yawa mace tana lissafin mako goma, amma takarda ta nuna tayin mako bakwai ne ko takwas, wato ya daina girma tun kwanaki da yawa kafin jini ya bayyana, jiki ne kawai bai sallame shi da wuri ba. Idan haka takardarki ta nuna, to ranar da kika sunkuya kika ɗaga kayan nan al'amarin ya riga ya wuce. Ko da ba ki sami takardar ba, hukuncin bai sauya ba. Na kawo wannan ne domin ki ga yadda zuciya take damƙe abu na ƙarshe da mutum ya tuna ya yi, ta ɗora masa laifi, alhali abin ya faru a ɓoye tun kafin nan.

Ki kuma sani cewa abin da ya same ki ba baƙon abu ba ne, duk da ba a cika faɗarsa a fili ba. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da jerin nazari a kan ɓari, inda masu binciken suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana ƙarewa da ɓari, wato kusan miliyan 23 a duniya kowace shekara. Kimanin mace ɗaya cikin goma ta taɓa yin ɓari sau ɗaya, kusan biyu cikin ɗari sun yi sau biyu, ƙasa da ɗaya cikin ɗari kuma sun yi sau uku ko fiye. Shekaru ma suna da tasiri. Wani nazari da aka yi a Norwe a kan ciki fiye da dubu 400, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗarin ya fi ƙaranci ga masu shekara 25 zuwa 29, kimanin kashi 10 cikin 100, sannan ya riƙa hawa a hankali bayan talatin, har ya haura rabi ga masu shekara 45 zuwa sama. Ke da kike da 31 kina kusa da gefen da ya fi sauƙi, kuma mahaifarki ta riga ta taɓa riƙe ciki har wata tara. A Denmak an bi diddigin matan da aka tura asibitin ƙwararru saboda yawan ɓari, waɗanda akasarinsu sun yi asarar da ta fi taki, aka tarar kusan biyu cikin uku sun haihu lafiya cikin shekara biyar.

Wannan adadi na biyu cikin uku ki riƙe shi, domin da shi za ki fahimci maganar ƙawarki. Tun da yawancin matan da suka yi ɓari za su haihu a gaba ko sun sha magani ko ba su sha ba, duk abin da mace ta sha a cikin da ya tsaya shi za ta yaba, kuma ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Sai dai shaidar mutum ɗaya ba ta iya raba aikin magani da abin da zai faru ko babu shi. Hanyar da masu bincike suke bi su raba su ita ce su tara mata masu matsala iri ɗaya, a kasa su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya maganin gaske, ɗayan a ba shi ƙwayar da ta yi kama da shi amma babu komai a cikinta, ba tare da matar ko likitanta sun san wanda aka ba ta ba, sannan a ƙarshe a ƙirga jariran da aka haifa da rai a kowane gida. An yi wa magungunan da ƙawarki ta ambata irin wannan gwaji, sakamakon kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Abin da ake kira maganin riƙe ciki galibi sinadarin furojestaron ne, wanda jikin mace da kansa yake samarwa domin ya shirya shimfiɗar mahaifa. A 2015 aka buga sakamakon gwajin da aka sa wa suna PROMISE, wanda Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham ya jagoranta, a kan mata 836 da suka yi ɓari sau uku ko fiye ba tare da an gano dalili ba. An fara ba su maganin tun farkon sabon ciki. Kimanin kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin sun haihu, kimanin kashi 63 na waɗanda suka sami ƙwayar banza su ma sun haihu, bambancin da bai kai a ce magani ne ya kawo shi ba. Bayan shekara huɗu, a 2019, aka fitar da gwaji na biyu mai suna PRISM, a kan mata fiye da dubu huɗu waɗanda suka ga jini a farkon ciki. A dunƙule bambancin ɗan kaɗan ne, kashi 75 da kashi 72. Amma da aka ware waɗanda suka taɓa yin ɓari a baya sai amfanin ya fito, ya kuma ƙaru gwargwadon yawan ɓarin da aka taɓa yi. Ga masu uku ko fiye, kashi 72 ne suka haihu a gidan masu magani, kashi 57 a ɗaya gidan. A kan wannan ne hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawara a 2021 cewa macen da ta ga jini a farkon ciki, ta kuma taɓa yin ɓari, a ba ta furojestaron bayan hoto ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a ci gaba har mako 16 idan an ga bugun zuciya. Ki lura da abu biyu. Wanda aka gwada ɗin na matsi ne ta farji, miligiram 400 sau biyu a rana, ba allura ba. Kuma sharaɗinsa ganin jini ne. Ma'anar wannan a gare ki ita ce ba ki da hujjar fara shi tun ranar da gwaji ya nuna kina da ciki, amma idan kika ga ko ɗigon jini, kina cikin waɗanda ya kamata su hanzarta zuwa asibiti su tambayi likita a kansa da sunansa.

Asfirin kuwa labarinsa ya fi rikitar da mutane, saboda yana da wurin da yake aiki da wurin da ba ya yi. A Holan an gwada shi, shi kaɗai da kuma haɗe da allurar hefarin mai tsinka jini, a kan matan da suke yawan ɓari ba a san dalili ba. Sakamakon da aka buga a 2010 bai nuna ƙarin haihuwa ba, sai dai ƙarin ƙurji da tabon jini a wurin allura. Inda haɗin nan yake da amfani na gaske shi ne ga mai wata larura da ake kira antifosfolifid, inda garkuwar jiki take samar da wasu sinadarai masu sa jini saurin daskarewa, suna kuma hana mabiyiya kafuwa yadda ya kamata. Ga irin wannan mace, ƙaramin asfirin da hefarin suna ɗaga damar haihuwa sosai, kuma wannan ce larurar da ta fi muhimmanci a nema a jikin mai yawan ɓari, domin tana da magani. Ana kuma ba wasu masu juna biyu ƙaramin asfirin daga wajen mako 12 domin rage haɗarin hawan jinin ciki mai kai ga jijjiga, amma wannan wani babi ne dabam, likita ne yake tantance wadda ta dace da shi. Kada ki sayo ki fara sha a kan zato. Batun kwanciya kada a motsa kuwa, an gwada shi ba a ga yana hana ɓari ba, doguwar kwanciya ma tana iya jawo gudan jini a jijiyar ƙafa, bayan tana barin mace ita kaɗai da tunaninta dare da rana, wanda a ganina wannan kaɗai ya isa illa.

Saboda haka abin da nake so ki nema a wurin likita gwaji ne kafin magani. A da ba a fara bincike sai mace ta yi ɓari uku, amma tun 2017 ƙungiyar Turai ta masana haihuwa, ESHRE, ta ɗauki biyu a matsayin abin da ya isa a duba, don haka kina da ƙafar tsayawa idan kika nemi ganin likitan mata. Gwaje-gwajen da suke da tushe ba su da yawa. Na farko shi ne na antifosfolifid ɗin nan, wanda ba a yanke hukunci da sakamako ɗaya. Idan ya nuna akwai, sai an maimaita bayan aƙalla mako 12 ya sake nunawa. Sai gwajin aikin tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya wanda kumburinsa yake zama maƙoƙo, da gwajin suga idan akwai alama ko tarihi, domin ciwon sugar da ba a daidaita ba yana ƙara haɗari, wanda aka daidaita kuwa ba ya yi. Sai hoton mahaifa mai kyau, a duba ko akwai shamaki da ya raba ta tun halitta, ko ƙari da ya kutsa cikin ramin da tayi yake zama. Tun da an yi miki wankin ciki, ki lura da al'adarki: idan ta ragu ƙwarai ko ta ɗauke gaba ɗaya bayan wankin, ki faɗa wa likita, domin wani lokaci bangon mahaifa yakan manne da juna. Ki kuma san rukunin jininki, musamman ko mai alamar ragi ne, wato "negative", saboda akwai allurar da ake yi wa masu irin wannan jini cikin awa 72 bayan wankin ciki ko haihuwa domin kare cikin da zai biyo baya.

Ki shirya wa yiwuwar a gama duk wannan a ce ba a ga komai ba, domin haka yake faruwa ga kusan rabin waɗanda aka bincika. Mata da yawa sukan fito daga ɗakin likita da ɓacin rai, suna jin kamar an sallame su hannu rabbana, har wasu su koma neman wanda zai rubuta musu ko mene ne. Alhali sakamakon da ya fito fes yana ƙarfafa zaton cewa dace ne ya maimaita kansa, kuma masu irin wannan sakamako suna cikin waɗanda suka fi samun nasara a gaba. Likitan da bai rubuta miki magani ba yana iya kasancewa a kan daidai; inda na ga gazawa, in har yadda kika faɗa ne, shi ne bai zaunar da ke ya yi miki bayani ba.

Maganar jira wata shida tana da asali. Wani taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a 2005 ne ya ba da wannan shawara, ya kuma dogara sosai a kan nazari guda daga ƙasashen Latin Amurka wanda bai bambanta ɓari da zubar da ciki da gangan ba. Nazarin da suka biyo baya ba su goyi bayan jiran ba. A Sikotland an duba bayanan mata fiye da dubu 30 da suka yi ɓari a cikinsu na farko, aka buga a 2010, aka ga waɗanda suka sake ɗauka cikin wata shida ba su fi sauran shiga haɗari ba, hasali ma sun fi su ƙarancin sake ɓari. Yawancin likitocin mata a yau suna cewa idan jini ya tsaya, al'ada ta zo sau ɗaya domin a sami sauƙin lissafi, mace kuma ta ji ta shirya, babu laifi. Amma akwai halin da jira yake zama dole: idan abin da aka wanke ya nuna irin cikin nan ne da mabiyiya take rikiɗa ta zama kamar ƙananan ƙululai, ko an yi amfani da maganin metotirezet saboda ciki a wajen mahaifa, ko akwai ƙwayar cuta ko ƙarancin jini da ba a gama magancewa ba, ko ana jiran maimaita gwaji. Ki koma ki tambayi likitanki dalilin wata shidan. Idan yana da ɗaya daga cikin waɗannan, ki bi. Idan ya ce ƙa'ida ce kawai, ku tattauna.

Game da maigida, ina roƙonki ki tafi da shi ranar ganin likita, kuma ba don rakiya kaɗai ba. Rabin ƙwayoyin gadon daga gare shi suke, bincike kuma ya nuna cewa shekarun namiji idan sun haura arba'in suna ɗan ƙara haɗarin ɓari, shan taba da giya da ƙiba mai yawa kuma suna taɓa ingancin maniyyi, don haka gyaran da za a yi na ku biyu ne. Shirunsa ba lallai ne ya zama rashin damuwa ba. Maza da yawa sukan haɗiye nasu baƙin cikin da zaton idan suka taɓo maganar za su fama wa matar ciwo, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin ko-in-kula, ko ma zargi. Ki sami lokacin da hankalinku yake kwance ki gaya masa a fili cewa shirun yana yi miki nauyi, kuma ba gyara kike nema daga gare shi ba, so kike ya saurare ki. Jin bayanin daga bakin likita zai taimake shi, zai kuma ba shi abin da zai amsa wa duk wanda ya nemi ɗora miki laifi.

Tsoron da kika ce kina ji ta fuska biyu, shi ma masu bincike sun auna shi. A wani nazari da aka yi a asibitocin Landan, aka buga a 2020, kusan mace uku cikin goma sun nuna alamun firgicin da yake bin mummunan abu wata ɗaya bayan asarar ciki, kuma bayan wata tara kusan ɗaya cikin shida tana nan da shi. Na kawo wannan ne domin kada ki raina halin da kike ciki, ko ki bari a ce miki ai cikin bai kai komai ba. Idan barci ya ƙaurace miki, ko abin yana dawo miki kamar yanzu yake faruwa, ko kin daina jin daɗin abin da kika saba so, ko kina kasa kula da ɗanki, makonni suna wucewa ba sauƙi, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon mara, domin akwai masu ba da shawara da aka horar a kan haka. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki nemi taimako a ranar.

Tun yanzu, kafin a sami cikin, ki fara shan ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum. Ba maganin ɓari ba ce, tana kare ƙwaƙwalwa da lakar jariri ne a makonnin da mace ba ta ma san tana da ciki ba. Idan kina shan wani magani na dindindin, na hawan jini ko suga ko farfaɗiya, kada ki daina da kanki, ki kai shi a duba ko ya dace da mai neman ciki. Ranar da gwaji ya nuna kin samu, ki nemi a yi miki hoto a wajen mako shida zuwa bakwai, domin a tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a kuma nemi bugun zuciya, wanda ganinsa yake rage haɗarin sosai. Ki roƙi a sake dubawa a mako takwas da na goma, makonnin da na san za su fi yi miki tsawo. Ɗan jini kaɗan ba ya nufin ciki ya tafi, mata da yawa suna ganinsa su kuma haihu lafiya, amma ke ki je a ranar saboda maganar furojestaron. Jini mai yawa da yake jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwon kafaɗa da jiri ko suma, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, waɗannan ba sa jiran wayewar gari.

Kafin ranar ganin likita, ki zauna ki rubuta a takarda ɗaya ranakun da kowane ciki ya fara da ranar da ya zube, ko an taɓa ganin bugun zuciya, yadda aka yi wankin da ko an kai abin da aka cire ɗakin gwaji, yadda haihuwar ɗanki ta kasance, da ko akwai wanda ya taɓa fama da gudan jini ko yawan ɓari a danginku. Ki haɗa da takardun hoton da kike da su, ki rubuta tambayoyinki a ƙasa domin kada su ɓace miki idan kin zauna a gabansa. Idan sakamakon ya fito kina son mu duba ma'anarsa tare, ki sake rubuto mini.